Layin Masu Biya: Yana Rage Gosulo, Ko Sayar da Shi Yake Yi?

A watan Disambar 1995 aka buɗe wasu layuka huɗu a tsakiyar babbar hanya mai lamba 91 a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, biyu na zuwa biyu na dawowa, tsawonsu kamar kilomita 16. Wannan hanya ita ke haɗa yankin Riverside, inda gidaje ke da ɗan sauƙi, da yankin Orange, inda ayyukan suke, don haka safe da yamma a cushe take. Sababbin layukan na kuɗi ne, amma babu shinge, babu ma'aikacin da ke miƙo rasit ta taga. Wata 'yar na'ura ake mannawa a gilashin mota, in ka wuce ƙarƙashin wani ƙarfe sai a cire kuɗin daga asusunka ba tare da ka taka birki ba. Tsofaffin layukan gefe suna nan kyauta kamar da. Farashin kuma yana bin lokaci, da tsakar dare ɗan kaɗan ne, da yammacin Juma'a ya ninka sau da yawa. Daga nan abin ya bazu zuwa San Diego da Houston da Miami da kewayen birnin Washington, kuma shekara talatin ke nan ba a gama gardama a kansa ba.

Kada a haɗa shi da tolget ɗin da muka sani, wanda har yau sunansa ya bi wasu wurare a hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta Legas zuwa Ibadan. Tolget kowa yake tarewa, mai Marsandi da mai akori-kura, domin a tara kuɗin gyara ko a biya bashin da aka yi hanyar da shi, kuma shi kansa yana tara motoci tunda sai an tsaya neman canji. Layin masu biya zaɓi ne. In kana sauri ka shiga, in ba ka sauri ka bi ayari. Aikin farko na kuɗin shi ne ya hana motoci yin yawa a cikinsa.

Masu goyon baya suna farawa da abin da injiniyoyin hanya suka daɗe da aunawa. Layi ɗaya na babbar hanya yana iya fitar da mota kusan 2,000 a awa guda matuƙar ana tafiya salin-alin. Da zarar an ɗora masa fiye da ƙarfinsa, wani zai taka birki, na bayansa ya taka, tsaikon ya yi ta komawa baya, sai yawan motocin da ke wucewa ya faɗi ƙasa. Hanyar da ta fi cushewa ita ce ta fi fitar da motoci kaɗan. Duk wanda ya taɓa fita daga masallacin Juma'a ta ƙofa ɗaya ya san haka: in aka bi sahu-sahu, nan da nan an watse, in kuwa kowa ya danno kai lokaci guda, ƙofar ta toshe, ana ta “a yi haƙuri, Malam” babu mai motsi. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Columbia, William Vickrey, tun a shekarun 1950 yake cewa maganin shi ne a sa wa hanya farashin da zai hau lokacin da kowa ke son ta, ya sauka lokacin da babu kowa. Mahukunta sun daɗe suna kallonsa a matsayin mai mafarki. A 1996 aka ba shi lambar Nobel, ya rasu kwana uku bayan sanarwar, ƙasa da shekara guda da buɗe layukan hanyar 91.

A cikin layin kansa, babu musu, dabarar tana aiki. Alƙaluman hukumomin hanya na Amurka sun nuna cewa a lokacin da cunkoso ya fi tsanani a hanyar 91, kowane layin kuɗi yana ɗaukar motoci kusan ninki biyu na layin kyauta da ke kusa da shi, kuma da gudun da ya ninka nasa. Dokar tarayyar ƙasar ma ta sa sharaɗi ga layukan da aka mayar na kuɗi daga na masu haɗa mota, wato masu tafiya su da yawa a mota ɗaya: dole gudu ya tsaya a kan mil 45 a awa, wato kamar kilomita 72, a kashi 90 cikin 100 na lokutan cunkoso. In ya fara raguwa, sai a ƙara kuɗi har wasu su haƙura.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da rayuwar mutum. Suka ce abin da ake saya a layin nan tabbas ne. Ciwon gosulo bai tsaya ga minti arba'in da ya cinye maka ba, babban ciwon shi ne ba ka san ko yau arba'in ne ko awa biyu ba, don haka kullum sai ka fita da wuri saboda ranar da abin zai ɓaci. Mai gyaran famfo da ke da aiki uku a rana, uwar da gidan renon yara zai ci tararta in ta makara, wanda jirginsa zai tashi ƙarfe tara, duk waɗannan akwai ranar da dala goma ta fi musu sauƙi a kan makara. Binciken da Edward Sullivan na jami'ar Cal Poly ya jagoranta a kan hanyar 91 ya gano cewa yawancin masu shiga layin ba kullum suke shiga ba, suna zaɓen rana ne, kuma mata sun fi maza yawan shiga. Masu ƙaramin ƙarfi ma suna shiga, ko da yake masu hali sun fi su yawan yin haka.

Zuwa nan masu adawa ba su musanta komai ba. Tambayarsu ita ce: sauran layukan fa? Ai da aka ce za a rage cunkoso, ba cunkoson mutum ɗaya cikin biyar ake nufi ba. A nan hujjar masu goyon baya take yin rauni. Gaskiya ne da aka buɗe layukan 91 jinkirin da ke layukan kyauta ya ragu sosai a farko, amma wannan sakamakon ƙara faɗin hanya ne, kuma bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Dalilin sananne ne. In hanya ta buɗe, wanda ke fita da asuba don gudun gosulo sai ya koma fita ƙarfe bakwai, wanda ke bin lungu sai ya dawo babban titi, wanda ke hawa bas sai ya ɗauko motarsa, mai gina gidaje kuma ya ƙara nisa da gari tunda tafiya ta yi sauƙi. Gilles Duranton da Matthew Turner sun wallafa wani nazari a 2011 da ya nuna cewa a biranen Amurka yawan tuƙin da mutane ke yi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan hanyar da aka ƙara. Babbar hanyar Katy ta birnin Houston ita ce misalin da kowa ke kawowa. An kashe kusan dala biliyan 2.8 an faɗaɗa ta a 2008, a wasu wurare layi 26 in an haɗa da titunan gefe, har da layukan kuɗi a tsakiya. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin tafiya tsakanin tsakiyar gari da bayan gari ya ƙaru da kusan kashi 30 da safe, da sama da kashi 50 da yamma.

Daga nan masu adawa suka taɓo wurin da ya fi ciwo, kuma ni a ganina wannan ce hujja mafi nauyi a duk gardamar. Wa zai biya kuɗi ya shiga layi in na kyauta yana tafiya? Babu. Ashe hajar da mai layin ke sayarwa ita ce wahalar mutanen da ke gefe. Ranar da gosulo ya ƙare, ranar kasuwarsa ta mutu. Wannan ba zato ba ne, a rubuce yake cikin yarjejeniyar hanyar 91. Kamfani mai zaman kansa ne ya gina layukan da kuɗinsa, kuma ya sa gwamnatin Kalifoniya ta rattaba hannu cewa ba za ta faɗaɗa layukan kyauta na wannan yanki ba. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar hanyoyin jihar ta so ƙara layi a wasu wuraren saboda haɗurra, kamfanin ya kai ta kotu, ta janye. Mutane suka yi ca. Da abin ya ishe su, hukumar sufuri ta yankin Orange ta saye layukan a 2003 a kan dala miliyan 207.5, musamman don ta yage wannan sharaɗi. A jihar Virginia kuma, inda kamfanin Transurban na Ostareliya ke riƙe da layukan kuɗi na hanyar da ta kewaye Washington har zuwa shekarar 2087, yarjejeniyar ta tanadi cewa in motocin da ke wucewa kyauta saboda sun ɗauko mutane da yawa suka wuce wani adadi, jihar za ta biya kamfanin diyya. Wato in jama'a suka yi abin da ake roƙon su yi, suka haɗa mota, sai baitulmali ya yi asara.

Sai maganar adalci, wadda ta fi kowace tayar da jijiyar wuya. A Amurka “layin masu Lexus” ake yi wa waɗannan layuka kirari. A watan Disambar 2017 aka fara karɓar kuɗi a wani ɓangare na hanyar I-66 mai shiga Washington. Allon da ke saman titi yana sauya farashi duk bayan minti shida gwargwadon yawan motoci. Direba na tafe yana kallon lambobin suna hawa, dala goma, ashirin, talatin, har a safiya ta biyu allon ya nuna dala 40 don tafiyar kilomita 16. Jaridu suka ɗauka, 'yan majalisa suka yi ta kumfar baki. Mai share ofis da ke karɓar albashin awa, in ya biya wannan, rabin yininsa ya yi wa hanya aiki. Kuma harajinsa na cikin kuɗin da aka shimfiɗa kwaltar da shi tun farko.

Amsar masu goyon baya a nan tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Kafin wannan rana, mai tuƙi shi kaɗai haramun ne ya hau wannan ɓangare na I-66 a lokacin cunkoso, ko nawa zai biya. Ba a ƙwace wa kowa komai ba, an buɗe ƙofa ne ga mai son biya, masu haɗa mota kuma suka ci gaba da wucewa kyauta. Dala 40 ɗin ma ta ɗan lokaci ce, akasarin masu bin hanyar ƙasa da haka sosai suke biya. Suka ƙara da cewa talakan gaske ba shi da mota, yana cikin bas, kuma bas ɗin na maƙale a bayan motocin masu hali. In aka sa bas a layin da ba ya tsayawa, shi ne zai fi kowa morewa ba tare da ya biya ƙari ba. Haka aka yi a Los Angeles lokacin da aka buɗe layukan kuɗi a hanyoyin 110 da 10 a 2012 da 2013: manyan bas suna bi ta ciki, rarar kuɗin ana mayar da ita ga sufurin yankin, masu ƙaramin ƙarfi kuma ana zuba musu dala 25 a asusu lokacin rajista. Kuɗin I-66 shi ma wani kaso nasa sababbin layukan bas yake ɗaukar nauyi.

Na yarda da wannan amsa rabi da rabi. Ta wanke layin daga zargin cewa ƙwace ne, amma ba ta tabbatar da cewa yana rage cunkoso ba. Wuraren da cunkoson gari ya ragu da gaske, kowa aka sa wa kuɗi, ba layi ɗaya aka ware ba. Singafo ta fara a 1975 da takardar izinin shiga tsakiyar gari, ta koma na'ura a 1998. Landan ta bi a 2003 da fam biyar. Birnin Stockholm na Suwidin ya yi gwajin wata bakwai a 2006, motocin da ke ƙetara iyakar tsakiyar gari suka ragu da kusan kashi 20, da aka dakatar da gwajin suka fara dawowa, mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, aka mayar da shi na dindindin a 2007. New York sai a Janairun 2025 ta shiga sahu da dala tara, bayan shekaru ana shari'a. Layin masu biya rabin magani ne da 'yan siyasa ke so domin ba ya tilasta wa kowa. Saboda wannan dalilin ne kuma ba ya taɓa cunkoson yawancin mutane.

A nahiyarmu abin da ya fi kama da shi shi ne babbar hanyar sama ta Nairobi, mai tsawon kilomita 27, wadda kamfanin China Road and Bridge Corporation ya gina aka buɗe a 2022. Tana bin tsohuwar hanyar Mombasa ne, wani ɓangarenta a sama. Mai biya yana zuwa filin jirgin saman Jomo Kenyatta cikin kamar minti ashirin, tafiyar da a da kan ci awa biyu. A ƙasa kuwa ƙananan bas na haya da masu tafiya a ƙafa suna nan suna fama. A Afirka ta Kudu darasin na amana ne. An kafa na'urorin karɓar kuɗi a manyan hanyoyin lardin Gauteng a Disambar 2013, a kan titunan da mutane suka saba bi kyauta. Direbobi suka ƙi biya, ƙungiyar ƙwadago ta COSATU ta mara musu baya, har gwamnati ta kashe na'urorin a Afrilun 2024. Na'ura ba ta karɓar kuɗi daga mutanen da suka yi imani cewa cin su ake yi.

Mu ma muna da tarihinmu da kuɗin hanya. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe tolget na hanyoyin tarayya, yana kukan cewa kuɗin na zurarewa kuma shingayen na tare hanya. Gana ta soke nata a Nuwambar 2021. A Legas an fara karɓar kuɗi a tolget na Lekki a Disambar 2011, aka daina bayan harbin da aka yi a wurin a Oktobar 2020. A Fabrairun 2025 kuma aka dawo da karɓa a hanyar Kefi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi, daga naira 500 ga ƙaramar mota zuwa 1,600 ga manyan motoci, domin biyan bashin bankin China da aka yi aikin da shi. Duk waɗannan shingaye ne na tara kuɗi. Amma tunda an sake buɗe wannan babi, ba za a daɗe ba wani ɗan kwangila zai zo da zanen layin masu sauri, kuma wurin da zai fara nunawa da yatsa shi ne Mararaba da Nyanya.

Ga wanda ya san wurin, kamannin da hanyar 91 a fili yake: gidajen haya masu sauƙi a Masaka da Ado da Mararaba, aikin kuma a cikin Abuja. Ma'aikaci na idar da sallar asuba ya fito titi. Amma tsaya ka dubi abin da ke tsayar da motocin. Bas ta tsaya a tsakiyar kwalta kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, wata ta tsaya a gefenta, layi uku ya koma ɗaya. Masu tumatir da gwanjo sun baje kaya har bakin titi. 'Yan acaɓa sun yi dafifi a ƙarƙashin gada. Tirela ta lalace tun jiya an zuba mata ganye a baya. Mai ruwan leda da mai cajar waya suna ratsa motoci a hankali, domin sun san babu inda kowa zai je. Wannan ba irin cunkoson da Vickrey ya yi lissafi a kansa ba ne. Nasa na hanyar da ta cika ne, namu yawancinsa na hanyar da aka toshe ne, kuma farashi ba ya ɗauke tirela daga kan titi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taron ƙwararru ba. Layin masu biya yana rayuwa ne a kan abu biyu: lambar mota da za a iya bi har gidan mai ita da takardar tara, da kuma doka da ba ta san fuska ba. Mu kuwa mun riga mun mallaki layin masu sauri, sunansa jiniya. Ranar da aka buɗe layin kuɗi, ayarin gwamna zai shiga kyauta, na kwamishina ya biyo, sai mai kaki, sai wanda ya san mai kaki, sai wanda ya leƙo ta taga ya ce “Yallaɓai, ai namu ne.” Mai biya na gaskiya zai tarar da kansa a cikin wani sabon gosulo da ya saya da kuɗinsa.

To, ya cancanci a biya? Ga mutum ɗaya a rana ɗaya, amsar lissafi ce mai sauƙi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. In matarka na naƙuda ko jirginka na shirin tashi, biya ka wuce. In kullum za ka biya, tara kuɗin wata ka gani ko bai kai bambancin hayar gida kusa da wurin aiki ba. Ga gari kuwa, ba zan sa hannu ba sai da sharuɗɗa: kada a karɓe layin da jama'a ke bi kyauta a mayar na kuɗi, bas da motocin haya masu cike da fasinja su shiga ba ko kwabo, kuɗin ya tsaya a kan wannan hanya a kuma buga lissafinsa kowa ya gani, sannan kada a rattaba hannu a kan takardar da za ta hana gwamnati gyara layukan kyauta. A Mararaba ma ba da layin kuɗi zan fara ba. Zan fara da tashoshin da za su ɗauke bas daga kan kwalta, da motar janwe da ke zaune a wurin dare da rana, da layi guda da aka killace da kankare don manyan bas kaɗai, irin wanda Legas ta yi daga Mile 12 zuwa CMS a 2008. In wannan layin ya yi shekara biyu jiniya ba ta keta shi ba, sai a zauna a yi maganar sayar wa masu ƙananan motoci ragowar filin da ke cikinsa.